Me Ya Sa Mai Ƙiba Ba Ya Ganin Ƙibarsa?

Ka tambayi babban mutum nauyinsa kafin ya hau sikeli, ka rubuta abin da ya faɗa, sannan ka auna shi. Galibi lambar sikelin za ta ɗara wadda ya faɗa, kuma gwargwadon ƙibar mutum gwargwadon faɗin tazarar. Idan tsawonsa ka tambaya sai abin ya juya, ya faɗi wanda ya fi na gaskiya. An yi irin wannan gwaji a ƙasashe da dama, sakamakon kuma kusan iri ɗaya yake fitowa: mata sun fi rage kilo, maza da tsofaffi sun fi ƙara tsawo. Akasarinsu ba ƙarya suke yi da gangan ba. Lambar da suke riƙe da ita ce ta tsufa. Ta awon cikin fari ce, ko ta gwajin lafiya na shekarar da aka ɗauke su aiki, ko ta lokacin shirin tafiya Hajji shekara goma da suka wuce.

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan wuyar gyara. Mutum ya san nauyinsa sarai, ya san kilo 88 ne, amma idan aka ce masa ya wuce kima sai ya yi mamaki tsakani da Allah. A ganinsa jikinsa daidai yake, mai ƙiba shi ne wancan maƙwabcin da ba ya iya ɗaura takalminsa. Kuskuren farko sikeli yana warware shi cikin minti ɗaya. Na biyun yana da saiwa a ido, da tufafi, da bakin dangi, kuma shi ne ke hana mutane zuwa gwajin hawan jini da suga har sai ciwo ya kwantar da su.

Da me ake aunawa?

Ma'aunin da asibitoci suka fi amfani da shi shi ne BMI. Lissafinsa ya samo asali ne daga wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19, sai Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi a 1972. Ana ɗaukar nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita, sannan a sake raba abin da ya fito da tsawon. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai haɗari.

Idan aka mayar da wannan kilo, mutane da yawa kan girgiza kai. Mace mai tsawon santimita 160 ta shiga rukunin wuce kima ne daga kilo 64, ta shiga na ƙiba mai haɗari a wajen kilo 77. Namiji mai santimita 170 ya wuce kima daga kilo 72 da ɗan ɗoriya, ya shiga ƙiba mai haɗari a wajen kilo 87. A unguwanninmu mace mai kilo 70 da wannan tsawon ba a ma sa ta cikin masu jiki. Cewa ake yi ta ɗan ciko.

Ga yadda ƙaramin kuskure ke ɓoye babban lamari. Magidanci ya ce tsawonsa 170, nauyinsa 84. Lissafi ya ba da 29.1, wato bai kai layin haɗari ba. Da aka auna shi sai aka samu 167 da kilo 87. Santimita uku ya ƙara, kilo uku ya rage, babu wanda zai kira wannan ƙarya. Amma lissafin gaskiya 31.2 ne, ya tsallake layin. Kuskuren tsawo ya fi yin ɓarna fiye da yadda ake zato, domin sau biyu ake rabawa da shi. Kuma tsawo yana raguwa: bayan shekara 40 mutum kan rasa kimanin santimita ɗaya a duk shekara goma, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana motsewa. Dattijon da ke faɗin tsawonsa na samartaka ya riga ya kauce.

Ido da ma'auninsa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin jiki, kimar da ido ya sani ita ce ta mutanen da yake gani kullum. Ba ya riƙe da wata lamba tsayayya. Yana kwatanta ka ne da abokan aikinka, da 'yan majalisarku, da matan da kuke haɗuwa a biki. Idan dukansu suka ƙara kilo goma cikin shekara goma sha biyar, abin da ido ke kira matsakaicin jiki shi ma ya ƙara kilo goma, ba tare da kowa ya lura ba.

An ga wannan a alƙaluma. Masu bincike a Landan sun kwatanta ƙididdiga biyu da aka yi a Birtaniya, ɗaya a 1999 ɗaya a 2007. A ta farko, kashi 81 cikin 100 na waɗanda nauyinsu ya wuce kima sun san ya wuce. A ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 75, alhali a tsakanin shekarun jama'ar sun ƙara nauyi, kuma kafafen yaɗa labarai ba su taɓa yin maganar ƙiba kamar lokacin ba. A Amurka ma, da aka gwada ƙididdigar lafiya ta 1988 zuwa 1994 da ta 1999 zuwa 2004, an samu raguwar masu ɗaukar kansu a matsayin masu nauyin da ya wuce kima. Eric Robinson na Jami'ar Liverpool, wanda ya daɗe yana nazarin lamarin, ya nuna cewa idan aka yi ta nuna wa mutane hotunan masu ƙiba, sai su koma ganin jikin da ya wuce kima a matsayin lafiyayye. Hatta likitoci, da aka ba su hotunan maza su ƙiyasta da ido, sun riƙa sauke su ƙasa da rukuninsu na gaskiya. Iyaye ma haka: kusan rabin waɗanda 'ya'yansu ke da ƙiba ba sa ganin ta.

Duniya kuwa tana ta ƙara nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya biliyan biyu da rabi ne nauyinsu ya wuce kima, kashi 43 cikin 100 ke nan, kuma miliyan 890 daga cikinsu suna da ƙiba mai haɗari. A Nijeriya, ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta gano kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun wuce kima, yayin da kashi 12 ke fama da rama. Ƙibar ta fi yawa a birane da gidajen masu hali, ramar kuma ta fi yawa a karkarar Arewa. Wannan zama tare na yunwa da ƙiba yana ƙara rikita ido. Wanda ya tashi yana ganin abin da yunwa ke yi wa mutane, da wuya ya kalli cikar jiki a matsayin matsala.

Sannan ƙiba ba ta zuwa rana ɗaya. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a shekara ya isa. Babu safiyar da mutum zai duba madubi ya ga bambanci da jiya, kuma madubin da yawancinmu ke dubawa fuska kawai yake nunawa. Amma daga shekara 25 zuwa 45, kilo 10 zuwa 20 sun taru. Wanda ya daɗe bai gan ka ba shi ne ke gani, shi ya sa tsohon abokin makaranta kan faɗi abin da matarka ba ta lura da shi ba.

Tufafinmu ba sa tona asiri. Wando mai mazagi yana bin ciki duk inda ya je. Zane ana ɗaura shi ne daidai jikin yau. Babbar riga, kaftani, hijabi da abaya an yi su ne su sake, don haka kilo takwas na iya shiga ƙarƙashinsu babu inda ya matse. Mai sa bel yakan lura ramin ya matsa gaba, amma shi ma da tumbi ya fito sai ya sauke wandon ƙasansa, ya ci gaba da cewa ƙugunsa inci 34 ne kamar da, alhali idan aka zagaya tef ta saman cibiya 41 za a samu. Tela kuwa idan ya auna ka gab da Sallah ya ga ka ƙaru, ƙara inci biyu yake yi ya yi shiru, don ba aikinsa ba ne ya ɓata wa mai ɗinki rai. Duk da haka littafin awon tela yana cikin amintattun bayanan lafiya da talaka ke da su. Wanda ya daɗe da tela ɗaya ya roƙe shi ya buɗo awonsa na shekara biyar baya, ya duba ciki da wuya da ƙirji, ya gwada da na bana.

Abin da baki ke faɗa

A wurinmu ƙiba yabo ce. Amarya ta je gida bayan wata uku, gwaggo ta dube ta ta ce, "Ma sha Allah, kin murje, lallai mijinki yana kula da ke." Idan ta koma da ƙashin wuya a waje, tambayar da za a fara yi ita ce ko lafiya suke zaune. Namiji ya samu muƙami ya ajiye tumbi, a ce hutu ya karɓe shi. Wanda ya rage kilo goma da gangan kuwa zai sha tambaya: "Alhaji, ka faɗa, ko ba ka ji daɗi ba ne?" Wasu ma a bayan ido za su fara raɗe-raɗin ƙanjamau ko suga ko karayar arziki. An rubuta irin wannan tsoro a Afirka ta Kudu, inda mata masu ƙiba a unguwannin baƙar fata suka riƙa gaya wa masu bincike cewa sun gwammace su zauna da jikinsu da a ce suna ɗauke da ƙanjamau. Al'adar ɗura wa 'yan mata abinci kafin aure a Muritaniya da tsakanin Larabawan Azawak a Nijar, da ɗakin ƙiba na Efik a Kalaba, duk daga tunani ɗaya suka fito, cewa cikar jiki shaida ce ta gata.

Ga mata, haihuwa ce babbar ƙofa. Kowane ciki yana iya barin kilo biyu ko uku da ba su tafi ba, ga zaman jego da kunu da nama da rashin motsi, kuma kafin jiki ya koma wani cikin ya shiga. Bayan haihuwa biyar ko shida, matar da aka kai ɗaki da kilo 52 tana da 75, kuma kowa na ganin haka jikin uwa yake.

Mafi muni shi ne masu sayen ƙibar da kuɗinsu. Ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe galibi deksametazon ne, ko saifuroheftadin, ko haɗin su biyun. Na biyun maganin ƙaiƙayi da borin jini ne da ke buɗe ciki ya kawo barci. Na farkon magani ne mai ƙarfi na kumburi, kuma abin da yake yi wa mai shan sa ba bisa ƙa'ida ba ciwo ne da ake ɗauka kyau: fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da doron wuya, tsokar cinya da damtse ta narke, fata ta yi sirara tana tsagewa, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya rage sarrafa nasa sinadarin, kuma yankewa kwatsam na iya jefa ta cikin mawuyacin hali har da rasa rai. Likita ne zai rage mata a hankali.

"Ƙashina ne mai nauyi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji. Ƙasusuwan babban namiji gaba ɗaya kimanin kilo 10 ne, na mace wajen kilo 8. Bambancin mai kaurin ƙashi da mai siririn ƙashi masu tsawo ɗaya ba ya wuce 'yan kilo kaɗan, kuma ƙashi ba ya ƙara kilo 15 bayan mutum ya gama girma. "Gadon gidanmu ne" tana da ƙamshin gaskiya, domin halitta tana da hannu sosai a saurin yin ƙiba. Sai dai gadon bai sa ƙibar ta zama marar illa ba, kuma gidan da aka gaji ƙiba sau da yawa an gaji suga da hawan jini tare da ita.

Maza sun fi mata faɗawa kuskuren ganin kansu daidai, kuma hujjarsu ƙarfi ce. Gaskiya ne BMI ba ya bambance tsoka da kitse. Ɗan dambe, ɗan kokawa, ɗan dako ko maƙeri na iya kai 27 babu teɓa ko kaɗan. Haka ma'aunin ba ya aiki ga mai juna biyu, ko mai kumburin ƙafa da ciki saboda ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta. Yana kuma iya wanke dattijon da tsokarsa ta zube kitse ya maye gurbinta, ya nuna shi daidai. Shi ya sa wani babban kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da shawara a Janairun 2025 cewa kada a dogara da BMI shi kaɗai, a haɗa da awon ciki. Amma ma'aikacin ofis da ya bar ƙwallo shekara goma sha biyar da suka wuce, yana fita gida a mota ya dawo a mota, ba ya cikin waɗanda tsoka ta ruɗa wa lissafi. Tef zai raba gardamar.

"Ni fa ba na cin abinci"

Mai faɗin haka yawanci ya yarda da abin da yake faɗa. A 1992 wasu likitoci a Amurka sun binciki masu ƙiba da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa ramewa. Da aka auna abin da jikinsu ke ƙonawa da abin da suke ci a zahiri, sai aka samu sun rage kashi 47 cikin 100 na abincin da suka ci wajen ba da rahoto, sun kuma ƙara kashi 51 a kan motsa jikin da suka yi. Jikinsu yana ƙona abinci yadda ya kamata. Lissafinsu ne ya kauce.

A wurinmu "abinci" yana nufin tuwo ko shinkafa. Shayin safe mai madara da cokali huɗu na suga ba ya shiga lissafi. Ƙosai, fanke, gyaɗa, tsire a majalisa da dare, fura mai suga, kunun aya da zoɓon kwalba duk taɓa-ka-lashe ne. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga wajen giram 50, wanda shi kaɗai ya cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini, kimanin ƙaramin cokali 12. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120, kuma babu mai ƙirga cokali nawa ke kwance a saman miya ko a cikin shinkafa da wake da mai da yaji. Cin abinci a faranti ɗaya da jama'a, duk da albarkarsa, yana hana mutum sanin iyakar abin da ya ci. Uwar gida tana ɗanɗana a madafa, tana ƙarasa ragowar yara don kada a yi asara, sannan ta ce yau ba ta zauna ta ci komai ba, kuma gaskiya ta faɗa, ba ta zauna ba.

Azumi ma yana ruɗar mutane. Matsakaicin abin da ake ragewa a Ramadan kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma yawanci yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah.

Inda haɗarin yake

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga kitse iri biyu: na ƙarƙashin fata, da wanda ya naɗe hanji da ƙoda a cikin ciki. Mutum ma haka yake. Na cinya da mazaunai bai cika yin ɓarna ba. Na cikin ciki shi ne matsalar, domin abin da yake fitarwa yana bin jijiyar jini kai tsaye zuwa hanta. Hanta ta tara kitse, jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, gaɓar da ke samar da insulin ta yi ta ƙara aiki har ta gaji, suga ya hau. Hawan jini da toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna biyo wannan hanya. Saboda haka mutum mai siraran hannuwa da ƙafafu da tumbi a gaba yana iya fin mace mai faɗin ƙugu shiga haɗari, ko da sikeli ya nuna ta fi shi nauyi. Kuma irin wannan mutumin ne ba ya taɓa kiran kansa mai ƙiba.

Jiki yana ba da alamu, ana fassara su da wani abu daban. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata, mai kauri da laushi, ana ta dirzarsa da soso ana zaton dauɗa ce, alhali sau da yawa alama ce ta insulin ya yi yawa a jini. Munshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, da gyangyaɗi da rana ko a kan sitiyari, ana cewa gajiya ce. Ciwon gwiwa da wahalar tashi daga sujada ana cewa sanyi ne ko tsufa, alhali kowane kilo ɗaya na jiki yana ɗora wa gwiwa kusan kilo huɗu a duk taku. Rikicewar al'ada da jinkirin samun ciki ma suna da alaƙa da ƙiba a wurin mata da yawa. Hawan jini da suga kuwa suna iya shekaru babu wata alama, kuma a Afirka fiye da rabin masu ciwon suga ba su san suna da shi ba.

Yadda ake awo a gida

Sikeli a dasa shi a kan siminti ko tayil mai daidaito. A kan kafet ko darduma ko tabarma yana ba da lambar da ba daidai ba. Idan mai allura ne, a tabbata allurar tana kan sifiri kafin a hau. A auna da safe, bayan an zaga, kafin karin kumallo, babu takalmi, da tufafi marasa nauyi. Babbar riga ta shadda mai aiki da waya da makullai a aljihu suna iya ƙara kilo guda ko fiye. Nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji, mata kuma suna riƙe ruwa gab da al'ada, don haka awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya, a rubuta. Sikelin kasuwa da na kemis da na asibiti suna iya saɓawa da kilo biyu, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya riƙe mafi ƙanƙanta.

Tsawo a auna shi a jikin bango, babu takalmi, babu hula ko ɗaurin ɗankwali. Dugadugai da mazaunai da kafaɗu su taɓa bango, ido ya kalli gaba. Wani ya ɗora littafi mai tauri a kan kai, gefensa manne da bango, ya yi alama a ƙasansa, a auna daga ƙasa.

Awon ciki ya fi duka muhimmanci, kuma shi aka fi kuskurewa. A tsaya, a ɗage riga. A lalubo haƙarƙarin ƙarshe a gefe, a lalubo saman ƙashin ƙugu, a sa tef a tsakiyarsu. Yawanci wurin yana ɗan saman cibiya. Tef ya zagaya a miƙe, kada ya karkace ta baya, ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. A saki numfashi kamar yadda aka saba, sannan a karanta. Kura-kuran da aka fi yi su ne shanye ciki, aunawa a kan kaya masu kauri, aunawa bayan an ƙoshi, amfani da tsohon tef da ya saki, da sa tef a inda wando ke zama. Ga namiji haɗari yana farawa daga santimita 94, wato inci 37, ya yi tsanani daga 102, inci 40. Ga mace daga santimita 80, inci 31 da rabi, ya yi tsanani daga 88, kusan inci 35.

Akwai hanya mafi sauƙi, wadda hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da ita a 2022: zagayen ciki kada ya kai rabin tsawo. Mai santimita 170 cikinsa ya tsaya ƙasa da 85, mai 160 ƙasa da 80. Ba a ma bukatar tef. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita a wurin da aka bayyana. Idan bakunan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Hukumar ta kuma sauke layin BMI ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya zuwa 23 da 27.5 maimakon 25 da 30, saboda suga yana kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba.

Bayan an san lambar

A nan akwai abin da ya kamata dangi da ma'aikatan lafiya su kiyaye. Wani bincike na 2015 a kan dubban manya a Amurka da Birtaniya ya gano cewa waɗanda ke kallon kansu a matsayin masu ƙiba sun fi ƙara nauyi a shekarun da suka biyo baya, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne cin abinci don huce damuwa. Kunya da gori ba sa rage kilo. Mijin da ke kiran matarsa lukuta a gaban yara, ko ma'aikaciyar jinya da ke daka wa mai awo tsawa a gaban layi, suna kore mutum ne daga sikeli da asibiti. Abin da ke da amfani shi ne a gaya wa mutum lambarsa a keɓe, a bayyana masa abin da take nufi ga jininsa da gwiwarsa, a ba shi abin da zai iya yi daga gobe.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana sauke hawan jini da suga. Ga mai kilo 90, kilo huɗu da rabi ne zuwa tara. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da suga aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar sauri ta minti 150 a mako, sai kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 30 ne sau biyar a mako. Rabin kilo a mako sauri ne mai kyau, kuma lemon kwalba da sugan shayi da yawan mai a miya ne wuraren da suka fi sauƙin farawa. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa galibi gudawa da fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan.

Wanda igiyarsa ba ta haɗu ba ya je a auna jininsa da sugansa ko da yana jin garau. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban hawan jini ne, kuma mai kaurin damtse ya nemi a sa masa babban maɗauri, domin ƙarami yana nuna lamba sama da ta gaskiya. Sugan da aka auna da safe kafin a ci komai, idan ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, ko 126 a na miligiram, kuma aka maimaita aka samu haka, ciwon suga ne. Wanda kuma ya ga yana zubewa ba tare da ya canza ci ko motsi ba, musamman da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tari da zufar dare, kada ya ɗauka ƙibar ce ta tafi don kanta. Suga da ya yi nisa, tarin fuka da ciwon daji duk suna ramar da mutum. Haka wanda ya ƙara kilo biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, ƙafafunsa suka kumbura yana haki idan ya kwanta: wannan ruwa ne ke taruwa, kuma zuciya ko ƙoda ake dubawa a ranar.